Bazarar da Kunun Goggo Asama'u Ya Tashi

Idan jirgin Kano ya tsaya a Gagarawa Tasha kan hanyarsa ta zuwa Nguru, masu tallan gyaɗa da dafaffen ƙwai sukan bi taga taga suna ihu kamar an yi gobara. Goggo Asama'u ba ta cikinsu. Ita tana zaune a gindin darbejiya da tulunanta biyu, sai jirgi ya gama numfashinsa ta ɗaga ludayi sama ta ce kunu, sau ɗaya tak, kamar alƙali ya yanke hukunci. Wanda ya ji ya sauko ya sha, wanda bai ji ba ya kai ƙishinsa Nguru.

A wata ruga kusa da Ɗanzomo aka haife ta, da tallan nono ta tashi. Da aure ya kawo ta gidan Ubale, manomi mai jaki ɗaya da ra'ayi a kan komai, sai ta duba gidan ciki da waje ba ta ga ko jelar saniya ba. Kwana uku ta yi tana tsaki. Surukarta, wata tsohuwa mai ibada wadda ba ta raba hannunta da carbi, ta ce tun da babu nono sai a koma ga gero, ta zaunar da ita ta koya mata kunun zaƙi. Da tsohuwar ta rasu ta bar mata abu biyu: wata baƙar randa mai zurfi, da wasiyyar kada a taɓa dirje cikinta da toka ko soso, ɗauraya kawai, don daɗin kunun a jikin randar yake. Shekara ashirin da wani abu Asama'u tana riƙe da wannan wasiyya fiye da yadda take riƙe da maganar Ubale.

Aikin nata ba shi da ɓoye. Ta jiƙa gero, ta niƙa a dutse da citta da kanumfari, ta dama ƙullun da tafasasshen ruwa a cikin randa har ya yi kauri, sai ta jira ya huce. Idan ta tsoma ɗan yatsa ta iya yin salati uku ba ta zare ba, to ya yi. Nan take zuba garin tsiro, wato dawar da aka jiƙa ta tsiro aka shanya aka daka, shi ke tsinka kunun ya ba shi zaƙi. Ta rufe da faifai ya kwana, da safe ta tace. Sukari kuwa bai taɓa shiga randarta ba. Masu sa sukari takan ce ragwaye ne, shayi ya kamata su sayar.

Tana da baki, wannan kowa ya shaida. Musamman a kan bayan tasha, inda ma'aikatan layin dogo 'yan kudu suke zaune, inda wata Mama Saratu take dafa burukutu. Idan hanya ta bi da Asama'u ta wajen, sai ta toshe hanci da mayafi, ta yi a'uziyya da ƙarfi yadda na cikin gidan za su ji, ta ƙara sauri.

To, a bazarar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, sai aka yi wani zafi da tsofaffi suka ce ba su san irinsa ba, ko da yake kowace bazara haka suke cewa. Kaji na yawo baki buɗe, jakin Ubale ya ƙi fita daga inuwar rumbu ko da sanda. Asama'u ta dama kununta da la'asar kamar kullum, magariba ta yi, ta tsoma yatsa, ko rabin salati ba ta kai ba ta zare. Ta jira har ta gaji, ta zuba tsiro, ta rufe. Ɗakin kansa kamar tanda yake, randar ta kwana tana gumi ba ta san sanyi ba.

Da safe ta tarar da kumfa ta ɗaga faifan, kunun yana wani shuu a hankali kamar maciji a rami. Ta kwashe kumfar ta ɗanɗana, ta ji ya ɗan ciji harshe. Sai ta ce wa ranta ai cittar bana ce mai ƙarfi. Ta tace, ta cika tuluna, ta nufi tasha.

Akwai wani Dogo mai gyaran layi, wanda rabin rayuwarsa a kan bencin gidan Mama Saratu ya yi ta. Tun da ya zo garin bai taɓa sayen kunu ba, ya ce abin shan yara ne. Ran nan ya zo wucewa da gudumarsa a kafaɗa, har ya gota darbejiyar, sai ya tsaya cak, ya ɗaga hanci sama kamar akuya ta ji ƙanshin dusa. Ya dawo da baya ya ce a ba shi ludayi ɗaya. Ya sha, ya lumshe ido, ya ce a ƙara. Jirgi na tsaye, mutane cike, shi kuwa muryarsa ba ta san raɗa ba.

"Goggo, ashe kin iya kika ɓoye mana? Ki bar shi ya ƙara kwana ɗaya kawai, wallahi Mama Saratu sai ta rufe gida."

Yabo ne ya yi tsakaninsa da Allah, ba ba'a ba, abin da ya fi ɓata lamarin ke nan. Wani Alhaji da ya kai ƙwarya bakinsa ya ajiye ta a ƙasa a hankali, ya koma jirgi yana kurkure baki. Asama'u ta bi Dogo da ludayi har bakin layi, amma magana ta riga ta shiga gari. Kafin azahar an ce kununta ya tashi. Kafin la'asar an ce ta daɗe tana yi. Washegari har an samu wanda ya rantse cewa ya ga Ubale yana yi wa jakinsa waƙa.

Da abin ya tsaya a tasha da da sauƙi. Sai ga shi a wannan makon Fadimatu, 'yarta ta fari, ta haihu a gidan mijinta, haihuwa ta biyu, namiji. Mijin kuwa ɗan Malam Bappa ne, limamin unguwa. Tun cikin yana wata huɗu Asama'u ta gaya wa duk macen da ta haɗu da ita a rijiya cewa ranar suna za a sha kunun da ba a taɓa sha ba a Gagarawa. Ta je barka ta dawo ke nan, sai ga saƙo daga Goggo Larai, uwargidan Malam: ana gaishe ta, an san hidima ta yi mata yawa, kada ta wahalar da kanta da kunu, za su jiƙa tsamiya ya wadatar.

Asama'u ta karɓi saƙon da fara'a, ta ce a gaida mutanen gidan. Mai saƙo na fita ta zauna daɓas a kan turmi. Jikanta za a raɗa wa suna, a ce ruwan tsamiya za a sha, ita tana raye, kuma kowace mace a wurin ta san dalili. Bayan haka ko a tasha wa zai ƙara miƙa mata ƙwarya? Ita ba ta kiran sunan Fadimatu, 'yar fari ce, sai dai ta ce yarinyar nan. Ta ce wa Ubale yarinyar nan da wane ido za ta dubi dangin miji. Ubale ya ce shi a ra'ayinsa a yi haƙuri har damina ta sauka. Ta tambaye shi ko jaririn ma zai jira damina kafin a sa masa suna.

Saura kwana biyar, ta shiga gwaji. Ta dama kaɗan ta zauna tana yi masa fifita har kafaɗarta ta riƙe, da safe ya tashi. Ta naɗe randar da jiƙaƙƙen buhu, buhun ya bushe kafin ta juya, kunun ya tashi. Ta sa Ubale ya jawo randar tsakar gida ta kwana a fili, ya ja yana ambaton bayansa, kunun ya sake tashi, har ya fi na jiya kumfa. Duk wanda ya lalace a bayan gida take zubarwa ta tura ƙasa a kai, kada hancin Dogo ya biyo sawu. Awakin maƙwabta dai sun gano wurin, kuma an lura suna ta tsalle ba dalili.

Ranar da ya rage kwana biyu, tana zaune tana kallon randar kamar ta ci amanarta, sai wani tunani ya zo mata wanda ta yi a'uziyya ta kore shi. Ya dawo. A duk garin mutum ɗaya ce take dafa tsiro a manyan tukwane cikin wannan zafin, kullum, kuma ba a taɓa jin masu zuwa gidanta sun yi ƙorafi ba.

Ta jira rana ta take, lokacin da ko kare ba ya fita, kowa ya shige inuwa ya yi shame-shame. Ta ɗauki igiya a hannu don idan an gan ta ta ce akuya take nema. Ta zaga ta bayan gonaki, ƙasa na ƙona mata ƙafa ta cikin takalmi, ta isa ƙofar da ta shekara goma tana toshe wa hanci. Ta yi sallama da murya ƙasa ƙasa.

Mama Saratu doguwa ce mai jiki, zane ɗaure a ƙirji, tana tsaye kan wata ƙatuwar tukunya. Ta dubi baƙuwar, ta dubi igiyar, ta ce akuya dai ba ta shigo ba, amma Goggo ta shigo inuwa ta sha ruwa, ruwa ne zalla, daga tulun yara. Labarin tasha ya riga ya zo mata, Dogo ya ba ta shi sau huɗu. Ba ta yi dariya ba, sai da Asama'u ta gama kame-kame ta faɗi abin da ya kawo ta, sannan ta yi, ta yi mai isarta har tana riƙe ƙugu.

Daga nan ta ja ta bayan ɗaki. Wata rumfar zana ce a buɗe gabas da yamma, iska na ratsawa. A ƙasa an zuba yashi mai kauri an jiƙa shi sharaf, an binne kwatarniyoyi masu faɗin baki har wuya, jere guda shida. Saratu ta ɗebo ruwan tsiron da ta sauke daga wuta, yana tururi, ta raba shi kaɗan kaɗan cikin kwatarniyoyin, ko wacce bai wuce tsawon yatsa ba. Sai ta ɗauki ƙwarya biyu, ta ɗiba ta ɗaga sama ta tsiyayo, ta sake ɗiba ta tsiyayo, tururi na bin iska. Ta ce ita ma zafin nan abokin gabarta ne. In ta zuba irin da ke tayar da giya ruwan na da zafi, irin ya mutu. In ta tsaya jiran ya huce da kansa, ya yi tsamin da ko Dogo ba zai sha ba. Don haka ba a jiransa, korar zafin ake yi, da sauri. Ta ce Asama'u ta tsoma yatsa. Ta tsoma a ta farko, wadda aka fara zubawa, ta ji har ya yi ɗumin jiki. Ta manta inda take ta fara salati, sai ta tuna ta zare hannu ta goge a zane.

Saratu ta tambaye ta a me take damawa. Da ta ji labarin randa mai zurfi da ake rufewa ta kwana a ɗaki, kuma shekara ashirin ba ta ga toka ba, sai ta daina tsiyayawa ta juyo.

"Goggo, wannan randar taki ai irin tawa ce. Ni ma ina da ɗaya da ba na wankewa, don ita ke tayar min da giya ko ban zuba komai ba. Lokacin sanyi ne ke rufa miki asiri duk shekarun nan."

Asama'u ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Randar surukarta mai carbi. Ta buɗe baki za ta yi musu, ta tuna kumfar kwana huɗu, ta rufe. Saratu ta ce in za ta rabu da ita ta kawo, za ta ba ta sababbin kwatarniyoyi uku a madadinta. Asama'u ta ce Allah ya kiyaye, tsohuwa sai ta tashi daga kabari. Saratu ta ce to shi ke nan, ta nemi sababbi wajen maginar tukwane, waɗanda ba su taɓa ganin tsiro ba. Kada ta bar kunu ya kwana sai damina ta zauna. Ta dama da sassafe, in tsiro ya tsinka shi ta tace, ta mayar wuta ya yi tafasa ɗaya, sannan ta baza shi a yashi. Tafasar ta biyu ce ke kashe duk abin da ke shirin tashi.

Da za ta fita ta rasa irin godiyar da ake yi a gida irin wannan, sai ta ce Allah ya shirye mu. Saratu ta ce amin, a gaida mai jego, kuma kada ta manta igiyarta.

Ranar suna tun da gari ya waye Ubale da jakinsa suke jigilar yashi da ruwa. Ya ce a ra'ayinsa wannan aikin gini ne ba na kunu ba. Ta ce ya ajiye ra'ayin ya ƙaro ruwa. Maza suka je aka raɗa suna aka raba goro, ita tana ƙarƙashin rumfa da ƙwarya biyu, ɗaga ka tsiyayo, ɗaga ka tsiyayo. Kafin azahar kunu ya kwanta lumui a sababbin kwatarniyoyi, ba kumfa ba motsi. Ta juye a sababbin tuluna, ta binne su a jiƙaƙƙen yashi har la'asar. Da ta taɓa jikin tulu ta ji sanyi ya ratsa tafin hannunta, sai ta ɗaura zanenta na fita unguwa.

Gidan Malam cike yake da mata, ana ta fifita da mayafai, ƙwaryar ruwan tsamiya na zagayawa da ɗumi kamar an sauke daga murhu. Aka shigo da tuluna huɗu aka jere a tsakar gida, hira ta tsaya. Goggo Larai ta taso da murmushin da bai wuce leɓe ba, ta ce ai an ce kada ta wahala. Asama'u ta ce wahalar jika ba wahala ba ce. Babu wadda ta miƙo ƙwarya. Sai Larai ta gyara murya ta ce ita dai ba ta son ɗaukar magana, amma an ce shekaranjiya da tsakar rana an ga wata da igiya tana fitowa daga bayan tasha.

Fadimatu na ƙofar ɗaki da jariri a hannu, ta sunkuyar da kai. Asama'u ta dube ta, ta dubi matan. Ƙaryar neman akuyar tana bakinta, ta haɗiye ta.

"Ni ce, Yaya Larai. Na je na tambayi yadda ake korar zafi daga tukunya, an nuna min, na dawo. Ban sha komai ba sai ruwa. Ga kunun nan, a kai wa Malam ya duba."

Malam Bappa yana zaure, kuma zauren gidan ba ya ɓoye magana, ya ji komai. Mutum ne siriri mara yawan zance, tun safe zafi ya hana shi sakat. Aka kai masa ƙwarya ɗaya. Mata suka yi tsit, har ana jin kukan tunkiya a gidan maƙwabta. Ya sansana, ya duba ko akwai kumfa, ya karkata ƙwaryar ya ga yadda yake gudu, ya yi bisimilla ya kurɓa. Sai ya aiko cewa abu irin wannan ba a yanke masa hukunci da gaggawa, a ƙaro. Aka ƙaro. Ya shanye, ya share gemu, ya ce zuwa yanzu dai bai ga abin zargi ba, tambaya kuma ba laifi ba ce ko a ina aka yi ta, amma a ajiye masa tulu ɗaya a zaure don zai ci gaba da bincike.

Kafin mai saƙon ta rufe baki ƙore sun yi ca a kan tuluna ukun da suka rage. Goggo Larai ta ce ita ɗanɗanawa kawai za ta yi saboda zumunci, aka gan ta ta koma bayan rumbu da ƙwarya cike. Fadimatu ta sha, ta ɗago ta dubi uwarta, uwar ta kau da kai ta hau faɗan an bar jariri ba hula.

Daga ranar Asama'u ta koma gindin darbejiyarta, tuluna binne cikin kwandon jiƙaƙƙen yashi, fasinjoji na tambaya ko ƙanƙara ake kawo mata daga Kano. Matan unguwa ɗaya bayan ɗaya suka kafa rumfa suka zuba yashi, kowacce ta ce wajen kakarta ta gada. Shi kuwa Malam Bappa, duk ranar da zafi ya tsananta sai ya aiko da ƙwaryarsa gidan Ubale, a gaida Goggo, a ce mata har yanzu akwai sauran abin da yake so ya tabbatar. Shekara tara yana aikowa. Har Allah ya karɓi ransa bai kammala binciken ba.